Launin kumbon Yaya

Ranar da uwargidan marigayin ta fita takaba, an riga an biya bashin da za a biya, an raba abin da za a raba. Sai wani kwali ya rage ƙarƙashin gado, wanda cikin magada babu wanda ya ce yana so. Malamin da ya yi rabon ya ɗaga shi, ya girgiza, ya ji roba na ƙara a ciki, ya ce wannan kayan wasan yara ne, ba shi da ƙimar da za a rubuta a takarda. Da la'asar uwargidan ta ɗora wa autarta kwalin, ta ce ta kai wa ƙanen mahaifinta, don shi kaɗai ne ya taɓa zama ya saurari labarin abin da ke ciki har ƙarshe.

Wannan ƙane tsohon ma'aikacin awon filaye ne a Maraɗi. Ya shekara talatin da wani abu yana zana taswira kafin ya ajiye aiki, har ƴan unguwa suka manta sunansa na yanka, sai dai Mai-taswira. Mutum ne da ya tashi cikin aikin da launi ke da doka: ruwa shuɗi ne, itatuwa tsanwa, layukan tudu ruwan ƙasa. Wanda ya sa wani launi inda ba wurinsa ba ya yi ƙarya, ko da bai buɗe baki ba, kuma ƙaryar taswira tana iya kai dangi gaban alƙali kan iyakar gona. Da wannan hali ya karɓi kwalin, ya share ƙurar da ke kansa da gefen riga, ya buɗe.

Abin da ke ciki ƙaramin kumbo ne na roba wanda ba a haɗa ba, irin waɗanda kamfanin AMT na Amurka ya fara sayarwa tun lokacin da ake nuna wasan talabijin ɗin nan mai suna Star Trek. Sunan kumbon Enterprise, lambarsa NCC-1701. Ba kumbon gaske ba ne irin Apollo da ya kai mutane wata a shekarar 1969. Na tatsuniyar zamani ne, bai taɓa tashi ko'ina ba sai a cikin akwatin tele. A labarin, tsawonsa ya kai mita 289. Na cikin kwali an rage shi sau 650, in an haɗa ba zai wuce santimita 45 ba. Siffarsa kuwa duk wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa: faffaɗan faifai a gaba, wuya siriri, gangar jiki kamar turmi a kwance, sai dogayen bututu biyu na inji da ke tsaye bisa ƙafafu a baya. Gutsattsarin suna nan maƙale a sandunansu na roba, takardar bayani ta yi ja don tsufa, takardar lambobin da ake jiƙawa a manna ta soma tsagewa. A can kusurwa, naɗe cikin tsohon hankici, akwai ɗan gwangwanin fenti na Humbrol, ɗan Ingila, mai cin mililita 14. A bisa murfinsa an buga lamba 34, wato fari marar sheƙi. Da ya ɓalle murfin da bakin wuƙa, sai ya tarar fentin ya daskare kamar kanwa.

Marigayin ya tafi Faransa karatu a farkon shekarun 1980. A shekarar 1982 tashar TF1 ta soma nuna wannan wasa, shi kuwa ya kalle shi a ɗakin taron gidan ɗalibai, cikin wata tsohuwar tele mai baƙi da fari. Da ya dawo gida ya zo da takardar shaidar karatu, da rigar sanyi da ba ta sake amfani ba, da wannan kwali. Kullum cewa yake zai haɗa shi in ya sami hutu. Aure ya zo, ɗiya suka zo, aka shiga shekarun da ma'aikacin gwamnati kan yi watanni bai ga albashi ba, aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, buhun gero ya zama abin lissafi. Wanda ke neman na cefane ba ya zaman manna roba. Kwalin ya koma ƙarƙashin gado, labarin ne kawai ya rage a bakinsa.

Labarin kuwa ya sha ba da shi. In an gama tuwon dare, ana shan shayi a ƙofar gida, sai ya nuna sama ya ce akwai wani farin kumbo da ya gani yana ratsa taurari, fari fat kamar an wanke shi da bula, yana tafe cikin baƙin sarari ba fiffike ba hayaƙi. Abokan hira sun san shi da ƙarin gishiri. Tun da ya ce musu ya ga jirgin ƙasa mai tafiya ƙarƙashin birni, da ƙofar da ke buɗe kanta, suka sa masa ido. Wasu abubuwan daga baya an tabbatar, wasu har yau ba a sani ba. In ya ɗauko zancen kumbo sai a yi ta ƙyafta ido, wani ya ce, to, an san a rina. Ƙanensa ne kaɗai ba ya dariya. Ba don ya yarda da kome ba, sai don wannan wan ne ya riƙe hannunsa ranar farko ta lakwal, shi ne kuma ya riƙa aiko masa da kuɗin littattafai daga ɗan abin da ake ba shi na karatu, har ya gama lise. Wanda ya yi maka haka, ba ka taya mutane yi masa dariya.

Saboda haka Mai-taswira ya ɗaura niyyar cika wa Yaya alkawarin da bai samu cikawa ba. Haɗawar ba ta ba shi wuya sosai ba. Hannun da ya saba da jan layi mai kaurin gashi ba zai kasa yanke roba da reza ba. Ya wanke gutsattsarin da ruwan sabulu, ya goge bakunansu da takardar yashi mai laushi, ya manna faifan, ya ɗaure ƙafafun injin da zare har gam ya kama, don ya lura nauyin bututun na son rinjayar su. Cikin sati biyu kumbo ya tsaya bisa teburinsa. Saura fenti. Shi a ganinsa nan babu wata shawara: Yaya ya ce fari, ga kuma gwangwanin da ya saya da hannunsa, wanda ya fi kama da wasiyya.

Auta ce ta kawo rikicin, ba da nufi ba. Ta zo gaishe shi ran Juma'a, ta ga kumbon, ta ciro salularta don ta nuna masa hoton na asali. Ta yi ta latsawa, can sai ta yi shiru.

"Baba," in ji ta, "wannan fa ba fari ba ne."

"Me kika ce, Auta?"

"Ga shi sun rubuta. Ruwan toka ne, kuma wai da ɗan tsanwa a ciki."

Ya sa tabarau, ya karɓi salular, suka zauna suna karantawa har aka kira magariba.

Ga abin da suka samu. Kumbon da aka ɗauki hotonsa a wasan shi ma ƙira ce, sai dai babba: tsawonsa ya kusa mita uku da rabi, nauyinsa wajen kilo 90. Wani mai zane, Matt Jefferies, shi ya fitar da siffarsa, aka ƙera shi da katako da roba da ƙarfe a Kalifoniya a ƙarshen shekarar 1964. Tashar NBC ta fara nuna wasan ran 8 ga Satumba 1966, aka tsayar da shi a 1969 bayan kashi 79. A 1974 kamfanin Paramount ya ba da ƙirar kyauta ga gidan tarihin jiragen sama da kumbuna na Smithsonian, a Washinton. Ta iso a kwance, da ɓarna a jikinta, aka gyara. An sake gyara a 1984, aka kuma yi babban gyara a 1991. A wannan na ƙarshen aka sake mata fenti, aka fito da layukan jikinta da dabbare-dabbaren tsufa da ƙarfi ƙwarai. Masu ƙaunar wasan suka ce ba haka suka san kumbonsu ba, aka shafe fiye da shekara ashirin ana wannan gardama, kowa na rantsuwa da abin da idonsa ya gani.

A watan Satumba na 2014 gidan tarihin ya sauke ƙirar, ya kai ta ɗakin bincike. Sun ɗauki hoton cikinta da na'urar da likitoci ke duba ƙashi, wadda suka aro daga gidan namun daji na birnin. Sun roƙi jama'a duk mai tsohon hoton ƙirar ya aiko. Sun ɓanɓaro ƴan ƙwayoyin fenti da ba su kai ƙwayar gero ba, suka duba su ta gefe a madubin ƙara girma, suka ga shafe bisa shafe kamar yadda mai haƙar rijiya ke ganin ƙasa kala-kala, kowane gyara da nasa. Sa'ar da suka yi ita ce saman faifan: duk gyare-gyaren nan babu wanda ya taɓa shi, fentin shekarun 1960 na nan. Shi ya zama shaida. Suka bar shi yadda yake, ban da sharewa, suka daidaita sauran jikin da shi, da nufin maido da kumbon yadda yake a watan Agusta na 1967. A watan Yuni na 2016 aka sake fito da shi gaban jama'a. Launinsa ruwan toka ne mai ratsin tsanwa, kusan kalar busasshen siminti.

Daren nan Mai-taswira bai yi barcin kirki ba. Ba zancen fenti ne ya hana shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, aikin da waɗancan mutane suka yi irin aikinsa ne sak: a bar ji-ta-ji-ta, a nemo turken asali, a auna daga nan. Da shi aka ba aikin, haka zai yi. Ba shi da ta cewa a kan sakamakonsu. Amma in sun yi gaskiya, ke nan masu ƙyafta ido a ƙofar gida su ma sun yi gaskiya, farin kumbon nan ƙarin gishiri ne kamar sauran. In ya shafa ruwan toka, ya sa hannu a takardar da ke ƙaryata wansa, a lokacin da wan ba shi da bakin kare kansa. In ya shafa fari, ya zana taswirar ƙarya yana sane, abin da bai taɓa yi ba ko lokacin da masu kuɗi ke turo masa ambulan. Kwana goma kumbon na bisa tebur tsirara, ya rufe shi da ƙyalle don kada su haɗa ido.

Mafitar ta fito daga inda bai zata ba. Yana da aboki tun na ƙuruciya, wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa, wanda yakan je rumfarsa ya sha inuwa. Ran nan yana zaune sai ga wata mata ta dawo da turmin shadda, ranta a ɓace, ta ce ita ruwan toka ta saya, ta je gida ta tarar da tsanwa. Alhaji bai yi musu ba. Ya ɗauki shaddar ya tsaya da ita ƙarƙashin fitilar rumfa, ya ce ta duba. Ya fita da ita bakin ƙofa inda rana ke duka, ya ce ta sake dubawa. Matar ta riƙe baki. Bayan ta tafi, Mai-taswira ya kwashe damuwarsa ya faɗa masa.

Alhaji ya yi dariya har da tafawa. "Haba Malam, kai da ka yi boko! Shekara arba'in ina wannan rumfa, ban taɓa sayar da launi ba, yadi nake sayarwa. Launi na wurin haske. Matar nan ba ta yi ƙarya ba, ni ma ban cuce ta ba. Kai dai tambayi inda Yaya, Allah shi jiƙan rai, ya tsaya ya ga abin, da irin fitilar da aka haska masa."

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen yadi da yawa ya san wannan, shi ya sa ba a yanke ciniki sai an fita da kaya rana. Marina ma sun sani, ba sa yanke hukunci kan shuni yana jiƙe. Mai-taswira ya koma gida ya sa aka kira Auta, suka sake bin labarin, wannan karo ba fentin suke nema ba, hanyar da hoton ya biyo suke nema.

Hanyar kuwa doguwa ce. A ɗakin ɗaukar hoto, ana kafa ƙirar gaban shuɗin bango, a dallare ta da manyan fitilu masu zafi, don fim ɗin wancan zamani sai da haske mai yawa yake kamawa. Da farin fenti aka shafa mata, da hasken ya wanke kome, ba za a ga layi ko lamba ba. Ruwan toka shi ke jure irin wannan wuta. Daga nan a cire shuɗin bangon, a haɗa hoton kumbon da na taurari, a sake buga fim daga fim, kowane bugu na cin wani abu daga launin. Shi ya sa ko waɗanda suka kalla a tele mai kala ba su daidaita ba: wani ya ga fari, wani ya ga shuɗi-shuɗi, wani azurfa. Sannan a aika ta iska, ya sauka cikin tsohuwar tele mai baƙi da fari a gidan ɗalibai. A irin wannan akwati tsanwa ba ta da wurin zama. Abu mai haske a tsakiyar baƙi ƙirin, ido ba shi da sunan da zai ba shi sai fari. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma Yaya ya gani. Abin da ya iso idonsa shi ya faɗa, bai ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

Wannan ya sauke masa rabin kayan. Saura rabin: wane fenti za a shafa? Ya daɗe yana juya zancen. Ya ga cewa in ya shafa fari, abin da zai samu shi ne hoton da tele ta nuna, ba kumbon da aka haska ba. Kuma farin nan zai zauna fari da rana da dare, ba ya shaidar kome sai cewa an sayi farin fenti. In kuwa ya shafa launin asali, ya kuma kawo hasken, to sai abin ya maimaita kansa a gaban shaidu. Ma'aunin fili ba ya roƙon a yarda da shi, igiya yake miƙawa a gani. Ya zaɓi ruwan toka.

Samun sa ne ya zama aiki. Ya fara zuwa wurin wani mai fentin mota, aka haɗa masa ɗan kaɗan a kwalba. Allah ya taimake shi bai taɓa kumbon ba, a kan ragowar sandunan robar ya gwada. Kafin ya wanke hannu robar ta yamutse kamar fatar tsohuwa, don ruwan da ake tsinka fentin mota da shi yana cin irin wannan roba. Ya zubar. Daga baya wani ɗan abokin aikinsa ya aiko masa daga Yamai da fentin masu zane wanda ake tsinkawa da ruwa, bututu huɗu: fari, baƙi, ruwan ɗorawa da shuɗi, da gwangwanin shafen farko wanda ke sa fenti ya kama jikin roba.

Ya sayi ƙaramin ƙunshin cokulan roba, ya mai da su gonar gwaji. Kowane cokali ya shafa masa haɗi dabam, ya rubuta lissafin ɗigon a mariƙinsa da alƙalamin taswira. Nan ya gano abin da masu zane suka daɗe da sani: ba sai an zuba tsanwa ake samun tsanwa ba. Baƙi in ya haɗu da ruwan ɗorawa, da kansa yake karkata wajen kalar ganyen da ya soma bushewa. Sai a yi ta ƙara fari har ya koma toka. Shuɗin kuwa ɗigo guda ya isa, in ya yi biyu sai abin ya koma kalar bangon asibiti. Ya kuma gano cewa irin wannan fenti yakan ƙara duhu in ya bushe, don haka ba a yanke masa hukunci sai washegari. Bisa shawarar Alhaji, kowane cokali sau uku yake duba shi: da hantsi a tsakar gida, da azahar a inuwar zaure, da dare ƙarƙashin fitila. Hoton salula ma bai amince masa gaba ɗaya ba, don ya ɗora salularsa kusa da ta Auta, hoto ɗaya, ya ga toka iri biyu.

A cokali na goma sha ɗaya ya ga ya kusa. Amma da ya shafa haɗin a ƙarƙashin faifan, sai ya ga ya yi nauyi, kumbon ya zama kamar guntun ƙarfe. Dalilin ba baƙo ba ne gare shi. Wanda ya taɓa hango dutse daga nesa ya san yadda iska ke kwashe masa duhu, ya yi fari-fari. Sai an matso yake komawa launinsa. Ƙaramar ƙira da ke nesa da ido da mita ɗaya, in an rage ta sau 650, tamkar babban abu ne da ake hange daga fiye da rabin kilomita. Don haka masu wannan sana'a kan ƙara fari kaɗan a kan launin asali, don ido ya yarda da girman. Ya ƙara. Ya yi murmushi shi kaɗai, ganin cewa ko ƙa'ida ta ce a matsa wajen Yaya.

Lokacin hunturu ne, ƙura na shiga ko ta kafar makulli, busasshiyar iska na busar da fenti tun yana bakin buroshi. Sai ya mai da aikin bayan sallar asuba, kafin gari ya motsa. Yakan yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, ya shafa siriri, ya kife babban kwano a kan kumbon, ya bar shi sai gobe. Shafe huɗu ya yi, don shafe mai kauri ɗaya yana cike layuka, ya bar sawun buroshi. Kawunan bututun injin ya yi musu ja mai ruwan goro, farantin da ke gaban gangar jiki ya yi masa kalar tagulla, kamar yadda suke a na asalin. Dabbare-dabbaren tsufa kuwa ya taɓa su sama-sama da garin bakin fensir, yana tuna gardamar 1991. Takardar lambobin ya manna ta a gilashin taga kwana da kwanaki don rana ta rage mata ja, ya shafe ta da siririn man sheƙi don kada ta wargaje cikin ruwa. Duk da haka lamba ɗaya ta tsage biyu, sai da ya haɗa ta da bakin allura.

Ranar da ya gama, ya aika a gaya wa uwargidan wansa yana roƙon ta zo bayan isha'i, ita da Auta. Ya gayyaci Alhaji, da mutum biyu da suka rage cikin tsofaffin abokan shayin nan. Da suka shigo, kumbon na bisa tebur ƙarƙashin fitilar ɗaki. Uwargidan ta dube shi, ta dubi ƙanen mijinta.

"Malam, an yi aiki, sannu. Amma shi fari yake cewa."

"Haka ne, Yaya," in ji shi, don tun ranar da aka kawo ta gidan da wannan suna yake kiranta. "Ki ɗan ƙara haƙuri."

Ya rataya baƙar shadda da ya aro daga rumfar Alhaji a bayan teburin. Ya ce wa Auta ta kashe fitila. Ɗaki ya yi duhu, ba a jin kome sai tarin ɗaya daga cikin tsofaffin. Sannan ya kunna babbar tocilar da yake fita da ita daji lokacin aiki, ya haska kumbon daga gefe.

Tokar ta tafi, tsanwar ta tafi. Abin da ya rage a tsakiyar baƙin yadin fari ne fat, faifai da bututu biyu, ba fiffike ba hayaƙi, kamar an wanke shi da bula. Ba wanda ya yi magana. Can ɗaya daga cikin abokan shayin, wanda a da ya fi kowa ƙyafta ido, ya gyara zama ya ce, "Allahu akbar. Ashe haka ya gani." Uwargidan ta ja mayafi ta rufe fuska. Auta ta ɗauki hoto da salula, hoton ma ya fito fari.

Aka kunna fitila, kumbo ya koma ruwan tokarsa, aka yi wa mamacin addu'a, kowa ya kama hanyar gida.

Yanzu yana bisa kabad a zauren Mai-taswira, cikin akwatin gilashi da wani kafinta ya haɗa masa saboda ƙura. A gefensa akwai ɗan gwangwanin nan mai lamba 34, da busasshen fentinsa, da tocila. Yaran unguwa kan leƙo su tambaya wane launi ne wannan. Ba ya ba su amsa da rana. Yakan ce su je su yi sallar isha'i su dawo.